Shayin Fada da Nauyin Zuciyar Matasa: Tarken Littafin Adeline Masquelier daga Mahangar Dakoro

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin garin Dakoro bayan sallar lisha zai tarar da abin da ake tararwa a Maraɗi da Damagaram da Yamai: tabarma ko benci a gindin bango, ɗan murhun waya cike da garwashi, ƴar butar shayi tana tafasa, samari kamar goma sun kewaye ta suna hira. Sau da yawa akan ga sunan ƙungiyar tasu a rubuce a jikin bangon da suka jingina da shi. Wannan zama shi ake kira fada. Dattawa da dama ba su da sunan da suke ba shi sai zaman kashe wando, malaman makaranta kuwa sukan ɗora masa laifin gyangyaɗin da ɗalibai ke yi a aji da safe.

A shekarar 2019 Adeline Masquelier, malama a fannin nazarin al'adun al'umma a Jami'ar Tulane ta Amurka, ta wallafa littafi sukutum a kan wannan zama, mai suna Fada: Boredom and Belonging in Niger. Sunan yana nuni ne ga gundurar da ke damun samari da kuma neman wurin zama cikin jama'a. Marubuciyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa ta Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1980 take bincike a Dogon Dutsi, kuma daga can ta fitar da littafinta na 2001 a kan bori da na 2009 a kan mata da farfaɗowar addini. Littafin Fada bai ɗauki lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin jigo ba. Duk da haka, malamin da ya karanta shi yana tunanin ɗalibansa na kwaleji ba zai rasa yi wa kansa wata tambaya ba: idan ran yaro ɗan shekara 15 ya ɓaci a Dakoro, wa yake faɗa wa? Da wannan tambaya maƙalar nan za ta auna littafin, ta nuna abin da ya hango da kyau da kuma inda ganinsa ya tsaya.

Abin da littafin ya hango

Ba a fahimtar fada sai an waiwayi tarihin da ya haife ta. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta raya tsohuwar al'adar samariya, ta mayar da ita hanyar tattara matasa don aikin gayya da wasannin kwaikwayo da gasar waƙe-waƙe. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 samariya ta dushe. A daidai wannan lokaci gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata saboda matakan tsuke bakin aljihu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Yaron da aka ce masa takardar shaidar karatu ita ce mabuɗin ofis sai ya wayi gari da takarda a hannu, ofis kuwa a rufe. Ba shi da aiki balle kuɗin aure, saboda haka a idon jama'a yaro ne ko da gemunsa ya cika. A cikin wannan yanayi fadodi suka yaɗu a biranen Nijar a shekarun 1990.

Babbar gudummawar Masquelier ita ce ta zauna da samarin ta saurare su, maimakon ta yanke musu hukunci daga nesa. Ta nuna cewa dafa shayi a zagaye uku, na farko mai ɗaci har zuwa na ƙarshe mai zaƙi, wata dabara ce ta raba doguwar rana gida-gida domin ta wuce da sauƙi. Wanda ba shi da lokacin tafiya aiki yana da lokacin ɗora buta da lokacin jiran kumfa. Ta bi rubuce-rubucen bango da sunayen fadodi, ta bi waƙoƙin zamani da samarin ke tsarawa, da ɗaga ƙarfe don gina jiki, da gadin unguwa da dare, da yadda ƴan siyasa ke zuwa da kuɗin sukari da ganyen shayi idan zaɓe ya ƙarato. A duk waɗannan babi-babi hujjarta ɗaya ce: saurayin da al'umma ta hana shi matsayin magidanci yana gina wa kansa wani matsayi a tsakanin tsararrakinsa, mai dokoki da shugabanci da taimakon juna. Wannan hujja ta zauna daram, kuma ta cancanci malamai su ji ta, domin sun fi kowa saurin ganin fada a matsayin kishiyar makaranta.

Fada a matsayin wurin sauke damuwa

A nan ne littafin ya taɓo batun lafiyar zuciya ba tare da ya ambace shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne daga shekara 14 zuwa ƙasa. A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, wannan adadi yana nufin yara masu ɗimbin yawa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ƴan kaɗan ne, mafi yawansu a Yamai, inda sashen da aka fi sani da Pavillon E yake a babban asibitin ƙasa. Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, Maraɗi kuma tana fiye da kilomita 600 daga Yamai. Iyali ba sa ɗaukar irin wannan tafiya saboda yaro ya daina cin abinci ko ya daina barci. Sukan yi ta ne idan abin ya kai ga ɗauri da igiya.

Bayan nisan hanya akwai nisan da tarbiyya ta sanya tsakanin yaro da iyayensa. A gidan Bahaushe kunya ce ke tsara magana. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, shi ma ba ya zama ya buɗe mata cikinsa. Uba abin girmamawa ne, ana gaishe shi a durƙushe, ba a kai masa labarin soyayyar da ta watse ko tsoron faɗuwa jarrabawa. A wajen Fulani fulaku ya ƙara tsananta wannan kamun kai. Al'ada ba ta bar yaro haka kawai ba, ta buɗe masa wasu ƙofofi: kaka wadda ake wasa da ita, kawu da goggo, abokan wasa na dangi da na ƙabila, al'adar da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Fada ta shiga wannan jeri ne a matsayin sabuwar ƙofa. A cikinta saurayi yana iya cewa ransa a ɓace yake, a yi masa ba'a, a miƙa masa kofi, a tara masa ɗan kuɗin magani idan mahaifiyarsa ta kwanta. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa kaɗaici yana ƙara wa damuwa ƙarfi, samun masu saurare kuma yana rage ta. Ta wannan fuska, babu wani wurin sauraren samari a Nijar da ya kai fada yawa da kusanci.

Inda ganin littafin ya tsaya

Tarke na farko shi ne na wuri. Binciken Masquelier ya fi karkata ga Yamai da Dogon Dutsi, kuma saurayin da ya fi fitowa a littafin shi ne wanda ya yi boko ya rasa aiki. Gundumar Dakoro tana da nata irin nauyin. Tana kan iyakar noma da kiwo, inda kwarin Tarka ya ratsa, kusa da layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa. Hausawa da Fulani da Buzaye ne ke zaune a cikinta. Ta sha farin 1973 da na 1984, ta ga yunwar 2005 da mutuwar dabbobi ta 2010. Yaron makiyayi da ya ga garken mahaifinsa ya ƙare a rani guda, ko yaron manomi da aka cire daga aji aka tura ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya, damuwarsa ba ta gundura ba ce. Lokaci bai yi masa yawa ba, an ɗora masa nauyin manya ne tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Fadar ƙauye takan watse bayan girbi idan samari suka tafi, ta sake haɗuwa da saukar damina, wasu su dawo da kuɗi, wasu su dawo da shiru wanda ba a san abin da ya haddasa shi ba. Littafin bai bi waɗannan ba, kuma mai karatu a Kornaka ko Birnin Lalle zai ji wannan giɓi.

Tarke na biyu ya shafi ƙaunar da marubuciyar ke yi wa mutanen da take nazari. Saboda tana son ta wanke samari daga zargin lalaci, alƙalaminta ya fi nauyi wajen nuna alherin fada. Ba ta ɓoye tashin hankali da gasar nuna mazantaka ba, amma mai neman fahimtar damuwar matasa yana buƙatar a ƙara matsa wannan wuri. Maganin da fada ta fi bayarwa shi ne a yi haƙuri, a zama namiji. Wannan yana isa ga ɓacin rai na kwana biyu. Ba ya isa ga yaron da ya shafe wata uku ba ya jin daɗin komai, ko wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Haka kuma hannun da ke miƙa kofin shayi yakan miƙa ƙwayar tramol, wadda ta zama ruwan dare tsakanin ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi a yankin. Fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, ya nuna abin da ƙungiyar samari ke iya zama idan wariya da rashin aiki suka daɗe: jikuna masu tabon wuƙa da mutanen da ke neman mafita da ƙyar. Ya kamata a karanta littafin a kalli fim ɗin tare, domin kowanne yana cike abin da ɗayan ya rage.

Ƴan matan da ba su da fada

Tarke na uku shi ne mafi girma, kuma marubuciyar da kanta ta san da shi, domin ta keɓe babi ga matan da ba a gani a fada sai a hira da hotuna. Fada ta maza ce. Yarinyar da ta zauna a bakin titi da dare sunanta ya ɓaci. Dandalin da a da ƴan mata ke haɗuwa su yi gaɗa su faɗi abin da ke ransu cikin waƙa ya ja baya a wurare da yawa. Ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, sun ba matan aure wurin haɗuwa na mako-mako, amma ba a yi su don ƴar shekara 13 ba. Ga shi kuwa ita ce ke ɗauke da kaya mafi nauyi. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, a jahar Maraɗi kuma adadin ya haura haka. Ɗalibar kwaleji da ta baro ƙauyensu tana zaune a gidan wani mai riƙo a cikin gari, tana surfe da ɗiban ruwa kafin ta tafi aji, ta kuma san ana maganar aurenta a gida.

Malaman Nijar sun san wata hanya da wannan nauyi ke bayyana. Tun shekarun 2000 ake samun makarantun da ƴan mata ke faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, suna kururuwa da birgima, abin da jama'a suka laƙaba wa suna génie tchatcheur. Kano ta ga irin wannan a makarantun sakandaren ƴan mata a 1995, inda aka danganta shi da wata iska da ake kira Sumbuka, kamar yadda Susan O'Brien ta nazarta. Masquelier ma ta yi rubutu a kan faɗuwar ƴan makaranta a wasu maƙalu dabam. Abin takaici shi ne ba ta haɗa zaren biyu a littafi guda ba, alhali suna haska juna: namiji yana da tabarmar da zai yi magana a kai, mace kuwa sau da yawa ba a juyowa a dube ta sai jikinta ya faɗi ƙasa.

Faɗin haka ba ƙaryata imanin iyaye ba ne, ba kuma raina ruƙiyya ba ne. Tun a 1972 Jacqueline Monfouga-Nicolas, a nazarinta na bori a kwarin Maraɗi, ta nuna cewa girka takan ba macen da ke cikin ƙunci suna ga ciwonta da kuma jama'ar da za ta shiga. Yau malamin ruƙiyya ne ya fi karɓar wannan aiki, kuma iyali sukan samu natsuwa a wurinsa. Matsalar tana tasowa ne idan aka tsaya a nan. An yi wa aljani tambayoyi, an ji sunansa da abin da yake so, ita yarinyar ba wanda ya tambaye ta abin da ke hana ta barci. Wani lokaci kuma abin farfaɗiya ce, wadda ke da magani mai araha a asibiti, sai a shafe shekaru ana hayaƙi har yarinyar ta bar makaranta.

Abin da za a iya ginawa a kai

Afirka ba ta rasa misalan haɗa ilimin likita da tsarin zaman jama'a ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun shigo da taron da ake kira penc, wanda aka kwaikwayo daga zaman shawara na dandalin ƙauye. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu fama da abin da ake kira kufungisisa da harshen Shona, wato yawan tunani, kalmar da Bahaushe zai gane nan take. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 50. Manya aka yi wa wannan gwaji, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da wani tsari mai suna EASE don yara masu shekara 10 zuwa 15, mai zama bakwai da yaran a rukuni da zama uku da iyayensu, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa bayan horo. Abin da ake koyarwa a ciki mai sauƙi ne: yaro ya iya ba abin da yake ji suna, ya iya kwantar da jikinsa da numfashi a hankali, ya koma ga ayyukan da ya bari, ya warware matsala mataki-mataki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Dakoro. Kowace fada tana da shugaba da ake jin maganarsa, ana iya koya masa alamomin da ke nuna cewa abin ya wuce shayi: daina cin abinci, keɓewa daga mutane, maganar mutuwa, jin muryoyin da wasu ba sa ji. Idan ya gan su ya san hanyar asibitin gunduma ko cibiyar lafiya mafi kusa. Ƙungiyoyin iyaye mata da ke tallafa wa makarantu suna iya ware yini guda a mako da ɗalibai mata za su zauna da wata uwa da suka amince da ita, ba da nufin wa'azi ba, da sharaɗin abin da aka faɗa ba zai fita ba. Dokar Disambar 2017 kan kariya da tallafa wa yarinya mai karatu ta ba shugabannin makarantu madogara idan damuwar ɗaliba ta samo asali daga shirin cire ta daga aji. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kuwa suna da bashi a kansu. Sun daɗe suna fito da mahaukaci a dandali da tsumma da gwangwanaye don a yi dariya, kuma yaron da ya ga haka ba zai taɓa yarda ya ce kansa na damunsa ba.

Kammalawa

Littafin Fada aiki ne na haƙuri da adalci, wanda ya mayar wa samarin Nijar mutuncin da kalmar zaman kashe wando ta ƙwace musu. Rauninsa shi ne ya tsaya a birni, ya sassauta wa fada a inda take gazawa, ya kuma bar ƴan mata a gefen tabarma. Akwai wani raunin da ba na marubuciyar kaɗai ba ne: da Ingilishi aka rubuta shi, harshen da mafi yawan samarin da aka yi shi a kansu ba sa karantawa. Ƙungiyar al'adu da za ta ɗauki babi ɗaya ta taƙaita shi da Hausa, ta karanta a gidan rediyon gari ko a wata fada, ta bar samari su ce inda aka yi daidai da inda aka kuskure, ta yi aikin da ya fi taron ƙara wa juna sani goma. Malamin da zai shiga aji gobe da safe kuwa, idan ya ga ɗalibin da ke gyangyaɗi ko ɗalibar da ta yi shiru tun farkon zango, yana da damar ya jira a tashi, ya kira shi ko ita gefe, ya tambayi lafiya, sannan ya saurari amsar har ƙarshe.